Azumin da Aka Yi Ta Ƙara wa Suna Girma

Bana ma ruwa ya gwada mana halinsa. Ya sauka sau biyu, kowa ya kwashi iri ya zuba a ƙasa, sai ya ɗauke ƙafa. Tun shekaranjiya nake fita tsakar gida ina duban gabas, in koma ɗaki, in sake fitowa, kamar dubana ne zai jawo hadarin. Baban Ummi ya ce in nemi wuri in zauna, na ishe shi da zirga-zirga. Ba zan iya ba. Duk sanda damina ta yi irin wannan tsayawar, sai hankalina ya koma wata shekara can baya, wadda azumi ya faɗo a tsakiyar damina, ina da goyon fari.

Ni ba mai dogon karatu ba ce. A aji huɗu na tsaya, sauran a Islamiyyar matan aure na tsinta. Amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini, shi ya sa na ce bari in rubuta.

A lokacin muna zaune a gidan gado a cikin Daura. Mu muna ɗakin ƙurya, Baba Malam yana shigifar gaba kusa da zaure. Baba Malam yayan mahaifin mijina ne. Shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya sa shi makarantar boko, shi ya yi masa aure. Matarsa ta rasu da daɗewa, don haka abincinsa a hannuna yake. Shi ne kuma ke yin tafsiri a masallacin unguwarmu duk azumi.

Baban Ummi, wanda mutane ke kira Hamisu, yana aikin buga takardu a kwamfuta a shagon wani Inyamuri mai suna Oga Chidi, da ke sayar da kayan babur a ƙofa ɗaya, kwamfuta da injin hoton takarda a ɗaya ƙofar. Shekara goma da ɗoriya ne bayan an ƙaddamar da Shari'a, makarantun Islamiyya sun cika gari, kowa yana son a buga masa littafin addu'a ko takardar wa'azi. Amma abin da shago ke kawowa na cefane ne. Tuwonmu daga gona yake fitowa, wata 'yar gona a hanyar Zango.

Shekarar nan ruwa ya makara. Shukar fari ta fito ta ƙone, aka sake wata da irin aro. Kafin a ga watan azumi rumbunmu ya kai ƙasa. Na tuna ranar da na sa kai ciki, na ji warin ɓera da tsohuwar ƙaiƙayi, na shafo gindinsa da tafin hannu. Sai kuma ruwan ya zo gaba ɗaya kamar mai biyan bashi. Katangar bayan gida ta jiƙe ta fara zubewa. Itace ba ya kamawa, in hura wuta har idona ya yi ja. Da rana kuma in gari ya buɗe, wani zafi mai gumi ya taso daga ƙasa, zani ya manne wa mutum a jiki, ƙudaje su rufe bakin Ummi.

Sahur ɗinmu ɗumamen abin da ya rage ne, in ya rage. Da hantsi in fita bayan gida in tsinko tafasa da rama, in dafa, in matse, in kwaɗa da ɗan ƙuli. Da la'asar in dama kunun tsamiya, mai ruwa-ruwa, wanda in ka ɗaga ludayi kana ganin ƙasan ƙwarya. Kashi uku nake yi: na Baba Malam, na maigida, nawa. Maƙwabciyata ta ce mai shayarwa ai an yarda ta ajiye azumi. Na ce to in na ajiye, me zan ci? Gara in sha yunwar da lada. Nonona ya ja baya. Ummi ta kama ta ja ta ja, ta saki, ta dube ni, ta fasa kuka. Ta fara rarrafe kafin azumi, sai ga shi ta daina, ta koma zama wuri ɗaya.

Duk begenmu yana kan geron nan na biyu. An yi masa noman fari, saura maimai. Kuma a irin wannan ruwa, ciyawa ba ta jira.

A nan ne littafin ya shigo. Mahaifin Baba Malam ya bar wata doguwar waƙar wa'azi da ajami, a kan zakka da haƙƙin maƙwabci. Baba Malam ya ce a juya ta zuwa boko, a buga, a raba wa mata ranar rufe tafsiri. Baban Ummi ya gama bugawa tun farkon azumi. A saman kowane shafi, can sama da baitocin, akwai wani ɗan layi da ke ɗauke da sunan marigayin. Su a shago heda suke ce masa. Ba zan rubuta sunan ba, kakan mijina ne.

Ranar da Baban Ummi ya kawo shafukan gwaji, ina durƙushe a bakin shigifa ina ajiye ƙwaryar kunu. Baba Malam ya karɓi shafukan, ya ɗaga, leɓunansa suna motsi kamar mai bin layi.

"Madalla, Hamisu. Jikin ya yi. Amma sunan Malam a sama ya yi ƙanƙanta. A ƙara masa."

"To, Baba."

Ni na ɗauka aikin minti biyu ne. Kashegari ya kawo, aka ce a ƙara. Ya sake kawowa, aka ce a ɗan ƙara. Wuta kuwa a unguwar shagon da hantsi ake kawo ta, a ɗauke kafin azahar, daidai lokacin da mai azumi ke iya riƙe fartanya. Janareta akwai, amma mai ya yi wuya, Oga Chidi ba ya tayarwa sai masu hoton takarda sun taru. Don haka kullum safiya sai Baban Ummi ya zaɓa: gona ko shago. Kullum kuma shago yake tafiya, yana cewa yau za a gama.

"Baban Ummi, ciyawa fa."

"Na sani."

"Ruwan jiya kaɗai ya isa ya..."

"Sa'a, na ce na sani! So kike in ce wa Baba ba ni da lokacin sunan mahaifinsa?"

Sai in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share.

Wata rana na kai Ummi awo asibiti. Ma'aikaciyar ta ɗora ta a sikeli, ta dubi allura, ta dube ni, ta ce, "Ke, me kike ba ta?" Da na fito ƙafata ba ta nufi gida ba, ta nufi shagon. Ban taɓa zuwa ba sai ranar.

Oga Chidi na fara hangowa, ya ɓuya a bayan injin hoton takarda yana tsotsar ruwan leda don kada masu azumi su gani. Da ya gan ni ya yi sauri ya tura ledar a aljihu, ruwa ya jiƙa masa wando.

"Ah, uwargida! Sannu da zuwa. Kin zo ki ga ɗan'uwanku da ke ƙiba?"

"Wane ne, Oga?"

"Wannan suna mana! Duk Daura kowa yana ramewa, shi kaɗai kullum yana ƙara jiki. Ni ban san me yake sha da buɗa-baki ba."

Baban Ummi bai yi dariya ba. Bai kuma yi mini faɗan zuwa ba, abin da ya nuna mini ya gaji ke nan. Ya jawo mini kujera. Na ce ya nuna mini abin da ke cinye masa safiya.

Ya tura ɗan linzamin nan na kwamfuta, ya danna sama sau biyu. Baitocin suka dusashe, layin sunan ya fito fili. Ya shafa shi ya yi baƙi, sannan ya nuna mini wani ɗan akwati mai lamba a can sama. "Kin ga nan? Da goma na fara. Na kai sha biyu, sha huɗu, sha shida. Yau sha takwas." Ya danna. Sunan ya kumbura, ya kasa shiga layi ɗaya, wutsiyarsa ta faɗo layi na biyu. Ina kallo duk baitocin suka gangara ƙasa, na ƙarshe ya ɓace.

"Ina ya tafi?"

"Shafi na gaba. Shi ma ya ture na can."

Sai na gane. Irin bencin asibiti ne da na baro: in mai jiki ta zauna a wannan kai, ta can ƙarshe sai ta miƙe. Kuma Baba Malam ya ce kada a kuskura a raba baiti biyu, rabi nan rabi can, don haka sai an bi shafi-shafi ana gyara zama. Kowane babi kuma da nasa layin saman, ba sa jin maganar juna, sai an shiga an ƙara wa kowanne daban. Yana cikin babi na uku fanka ta tsaya, allon ya yi baƙi.

"Ka adana?" in ji Oga Chidi.

Baban Ummi ya dafe kai.

Yanzu yaran nan in rubutu ya yi musu ƙanƙanta a waya, yatsa biyu suke sawa su buɗe shi. Shagon da Baban Ummi ke aiki a yau hasken rana ke ba shi wuta, ba ya sanin an ɗauke. Ummi in na ba ta wannan labari sai ta ce, "To Mama don me bai yi da daddare ba?" Ba ta san garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa ba.

Ni dai tun daga ranar na fara lura da Baba Malam, don ni ke kai masa abinci. Da can, in magariba ta kusa, inuwar katanga yake duba ya ce a kawo ruwa. Yanzu sai ya karkata kunne wajen masallaci. In na ajiye ƙwarya, hannunsa sai ya sauka a gefe, ya shafo tabarma, sannan ya sami ludayi. Wata safiya ina shara na gusar da butarsa kaɗan daga inda take zama. Da ya fito alwala ya miƙa hannu wurin da ya saba, ya kama iska. Ya sa ƙafa yana lalube a hankali har ta taɓa butar. Bai san ina tsaye da tsintsiya ba.

Na gaya wa Baban Ummi muna shan kunu.

"Ina jin Baba ba ya gani."

Ya ajiye ludayi. "Kul! Kada in sake ji. Mutumin da ke buɗe littafi gaban jama'a kullum yana fassara?"

"Ya haddace ne. Waƙar ma ya haddace. Ka lura, in ya karɓi takarda idonsa ba ya tafiya, bakinsa ne kawai."

"Yunwa ce ke sa ki surutu."

Wataƙila da yunwar. Amma na san abin da na gani.

Sai maganar gayya. A wajen gonarmu, maƙwabta ne ke haɗuwa su yi wa wannan yau, gobe wancan. Da azumi tun da sanyin safiya ake farawa a tashi kafin rana ta take, ba a kai abinci gona, sai da magariba mai gona ya aika wa kowa ɗan abin da ya samu. Ka'idar ɗaya ce: wanda bai je ta wani ba, ba a zuwa tasa. Baban Ummi ya rasa ta mutum biyu, ya rasa ta uku.

Ranar wata Laraba Ɗanladi, maƙwabcinmu na gona, ya yi sallama. Ina bayan ƙofar zaure ina ji.

"Malam Hamisu na kwamfuta! Ashe kana gari. Mun ɗauka ka yi Makka."

"Ɗanladi, wallahi aiki ne ya..."

"A'a, ba komai. Na dai kawo maka tsaraba daga gonarka, kada ka manta kamanninta."

Da Baban Ummi ya shigo na ga tsarabar. Gero ne guda, Ɗanladi ya tumɓuko shi da saiwa. Siriri kamar tsinken tsintsiya, ganyen ya yi rawaya, ciyawar harkiya ta nannaɗe gindinsa ta fi shi tsawo. Na karɓa na riƙe. Na dubi Ummi a kan tabarma, wuyanta ya yi tsawo, ta zuba mini ido. Ban yi kuka ba. Na ajiye geron a kan turmi, na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Ranar ko tafasar ban iya tsinkowa ba.

Kashegari ya tafi shago ko sallama bai yi mini ba. Ya dawo bayan la'asar, an yi ruwa an ɗauke, gari ya yi wasai. Takarda ɗaya ce a hannunsa. Daga nesa na hango sunan. Ya kai shi lambar ƙarshe da ke cikin akwatin, saba'in da biyu. Kowane harafi ya kai babban yatsana. Sunan ya cinye shafin, baiti ɗaya tak ya rage a ƙasa, a takure. Na san da fushi ya yi, don Baba ya ga abin ya wuce hankali ya ce a bari.

Na bi shi da ƙwaryar kunu ko da yake lokaci bai yi ba. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Baba Malam ya karɓi takardar. Ya ɗaga. Ya matso da ita, ya nisanta. Ya daɗe.

"Hamisu."

"Na'am, Baba."

"An kusa. A ɗan ƙara."

Na ga bayan Baban Ummi ya saki, kamar an zare masa wani abu. Ya juyo ya dube ni. Ni kuma ban san sanda bakina ya buɗe ba. Tunda aka kawo ni gidan, ban taɓa ce wa Baba Malam komai ba sai gaisuwa.

"Baba, ku gafarce ni. Babu sauran wurin ƙarawa. Sunan ya cika takardar. Kuma geronmu yana mutuwa."

Ina jin ɗigar ruwa daga indararo. Na ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Ya cika takardar?" ya ce a hankali.

"Ya cika, Baba," in ji Baban Ummi.

"Fitar da ni waje."

Ya kama hannunsa suka fito tsakar gida. Baba Malam ya juya wa rana baya, ya ɗaga takardar yadda haske zai faɗa mata. Ya kai ta har kusa da hancinsa. Muka tsaya.

"Ina ganin wani abu baƙi-baƙi," ya ce. "Kamar awaki a nesa." Ya sauke hannu. "Tun bara abin ya fara. Baitocin na san ba zan gan su ba, suna cikina, ban damu ba. Na ce dai sunansa, ko sau ɗaya, in gan shi a buge kafin ya rufe gaba ɗaya. Kullum sai in ce gobe in an ƙara zan gani." Ya miƙa takardar. "Mayar da shi yadda ka fara. Masu ido za su karanta."

Sannan ya juyo wajen da nake, bai daidaita ba, ya ɗan kauce.

"Ke 'yar nan, me ya sami geron?"

Na gaya masa. Ruwa, ciyawa, gayya, abin da Ɗanladi ya kawo. Na ɗauko geron daga kan turmi, Baban Ummi ya sa masa a hannu. Ya shafa shi daga saiwa har sama, ya taɓa harkiyar.

"Kuma ba wanda ya gaya mini," ya ce.

Wa zai gaya masa?

Da aka idar da sallar asuba ina wanke ƙwaryar sahur, sai na ji an hura lasifikar masallaci. Muryar Baba Malam ce. Ya ce jama'a su ɗan dakata. Ya ce Hamisu bai guje wa gayyar kowa ba, shi ne ya tsare shi a kan wani aiki. Ya ce dalili kuwa idonsa ya tafi, ya ɓoye, kuma littafin da suke gani yana buɗewa a gabansu wajen tafsiri, ba ya ganin ko ɗigo a ciki. Ya ce in suna so su nemi wani mai ido ya ƙarasa musu, ba zai ji haushi ba. Amma yana roƙo, duk mai fartanya ya taimaki gonar yaron nan yau.

Na tsaya da hannu cikin ruwa. Duk unguwa ta ji, maza da mata, har waɗanda ke jiran irin wannan rana don su zauna a buzunsa.

Kafin rana ta fito na ji babura a ƙofar gida. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Ɗanladi ne a gaba, fartanya a kafaɗa.

"Fito mana, Alhajin kwamfuta! Ko sai an danna ka?"

Yini na yi ina kai da kawowa. Hadari ya haɗo ta gabas, na ce shi ke nan zai kore su, sai iska ta watsa shi. Na je gidaje uku na aro tsaba, na surfa, na daka, na dama kunun da za a aika wa mutane, ban san inda ƙarfin ya fito ba. Da azahar Baban Ummi ya shigo, laka har gwiwa, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe, hannun da ya saba da danna maɓalli. Na yaga tsohon ɗankwali ina ɗaure masa.

"Yaya?"

"Tudun ya tsira. Na ƙasan nan wajen kwari ya tafi, ko an nome ba zai yi ba."

"Rabi?"

"Ko ƙasa da haka."

Littafin kuwa, Oga Chidi ne ya tayar da janareta da yamma ba tare da an roƙe shi ba. Ya ce yana so ya ga ranar da sunan nan zai yi azumi shi ma. Aka mayar da shi goma, baitoci suka koma mazauninsu, aka raba ranar rufe tafsiri. Baba Malam ya ƙarasa tafsirin shekarar. Shekara ta gaba wani aka ba.

Geron da muka girbe bai kai mu wata damina ba, tun bazara muka koma awo. Amma tun daga tumun farko na fara dama wa Ummi kunu mai kauri, wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Wuyanta ya cika. Ta koma rarrafe, ta fara kama bango.

Wata safiya bayan an kai amfani gida, ina tankaɗe, Baba Malam yana zaune a bakin shigifa yana jan carbi. Sai na ga ya tsayar da hannu, ya karkata kai.

"Wa ke tafe? Ban san wannan takun ba."

Na ɗaga ido. Ta saki turmi, hannu biyu a sama, tana tangaɗi a tsakiyar gida.

"Ummi ce, Baba," na ce. "Ummi ce."